Gishiri Ya Narke, Wake Ya Nutse, Mai Ya Yi Tafiyarsa



A garin nan na Maiduguri da ruwa manya suke lissafin shekaru. Za ka ji dattijo ya ce wane bayan ruwan 94 aka haife shi, ko gidan nan tun kafin ruwan 94 yake. Mu da ba mu ga wancan ba muna jin abin kamar tatsuniya, sai da namu ya zo a daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya shigo gari ya raba mutum kusan dubu 400 da gidajensu. Yanzu mu ma mun samu tamu kalandar. Ba labarin ambaliyar zan sake bayarwa ba, waɗanda suka fi ni ganinta sun bayar. Wani ɗan aikin gida ne da aka ba ƙanwata a zangon karatun da ya wuce ya sa na ɗauko zancen.

Tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ni kuwa tun da na gama babbar sakandare nake shago tare da Baba a Kasuwar Monde, muna sayar da man gyaɗa da gishiri da wake da sukari. To da yake ni ne na fi kowa nisa a boko a gidan, ni ne malamin dole. Tambaya uku malamin kimiyyarsu ya ba su: a faɗi bambancin yanayin yini da yanayin ƙasa, a zana zagayen ruwa, a kuma bayyana abin da ya sa mai yake tasowa a kan ruwa.

Zanen da ke cikin littafinta shi ne dai wanda muka kwafa a zamaninmu. Ga teku shuɗi a gefe, ga dogon dutse da ƙanƙara a kansa, ga rana, ga kibiyoyi suna hawa suna sauka. Daga ni har ita babu wanda ya taɓa ganin teku. Dutse kuwa, wanda ya san Maiduguri ya san ko na jifan kare sai ka nema. Ruwa mafi girma da yarinyar nan ta taɓa gani shi ne wanda ya ci kasuwa. Gidanmu a Maisandari Allah ya tsare, amma ta ga mutanen da suka yi ta wucewa da tabarmi a ka zuwa sansanin Bakasi da ke hanyar Damboa, wasu ma a tsakar gidanmu suka yi sati biyu. Tun daga lokacin in hadari ya haɗo da dare ba ta barci, sai ta lallaɓa ɗakin Inna. Don haka da ta ɗago kai ta ce, "Yaya, to mu da ba mu da teku daga ina namu ruwan yake zuwa? Wanda ya shigo gari kuma ina ya tafi?" sai na ga wannan ta fi ƙarfin a ce kwafi abin da ke littafi ki kwanta.

Kwana uku muka yi a kai. Na bincika a waya, na tambayi Baba, na kuma samu wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana aikin haƙar rijiyar burtsatse. Ga abin da muka tattara, mai karatu, ko kai ma ɗanka zai zo maka da irinta.

Ashe muna da teku, nisa ne kawai ya yi mana. Tekun Atlantika ne, can wajen Kalaba da Fatakwal, kusan kilomita dubu daga nan. Rana tana dukansa, ruwa yana tashi ya zama tururin da ido ba ya gani, iskar damina mai tasowa daga kudu maso yamma ta ɗauko shi ta yo arewa da shi. A hanya tana ta zubarwa, wani ma ya sauka a dazuzzuka ya sake tashi, kafin ta iso Barno ta kusa ƙarar da guzurinta. Shi ya sa mutanen kudu suke samun damina doguwa, mu kuwa daga Yuni zuwa Satumba an gama, Agusta ce uwar tafiya. Abin da ke sauka mana a shekara bai wuce milimita 600 ba, wata shekarar ya ɗara, wata ya gaza. Damagaram, garin su Baba, kimanin 400 suke samu, don sun fi mu nisa da bakin tulun.

Nan ta tsayar da ni. In daga teku yake, don me babu gishiri a ruwan sama? Inna ce ta amsa ba tare da ta san ta amsa ba. Ta buɗe tukunyar miya, na ce wa yarinyar ta lakaci ɗigon da ke jikin murfin ta ɗanɗana. Salam! Ruwa ya tashi, gishiri ya zauna a tukunya. Tashi da taruwa da saukowa duk ga su a murhun Inna, sau uku a rana. Haka kuma ake samun kanwa da mangul a ƙasar Manga: ruwa ya gudu sama ya bar kayansa a ƙasa, fatake su zo su kwasa.

Wannan milimita da ake ta faɗa a rediyo, sai yanzu ta zauna mini. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Muka auna rufin kwanon gidanmu da taku, ya kai kamar mita goma sau goma. Ke nan a damina guda lita dubu 60 ke sauka a kanmu, wato jarka 2,400 mai cin lita 25. Duk ta indararo yake bi ya fita lungu. Sannan watan Maris ya kama mu tsaya a ƙofar gida muna jiran mai moya, kamar yadda ake ce wa ɗan ga-ruwa a nan, muna ciniki a kan jarka biyu. Baba da ya ji lissafin shiru ya yi, irin shirun ɗan kasuwa da ya ji an ambaci hajar da ta zube.

Amma ruwan da ya ci gari ba a kan rufinmu ya sauka ba, kuma wannan ne abin da na fi so ta gane. Ya sauka ne can kudu, a duwatsun wajen Mubi da sauran ƙasar da ke tsakani, Kogin Yedzaram ya kwaso shi ya juye a fadamun Sambisa, daga nan Ngadda ta ɗauka ta kawo Alau, kimanin kilomita ashirin daga gari. An gama madatsar a 1986 don ruwan sha da noman rani, tana riƙe ruwa kimanin mita-kubik miliyan 112. Daminar 2024 ta yi ƙarfi a ƙasar gaba ɗaya, madatsa ta cika ta kasa. Na ce mata, kin ga hadarin da ke kan gidanmu da dare ba shi ne abin tsoro ba, iyakarsa ya cika lungu. Ambaliya tafiyar kwanaki take yi, kuma akwai inda ake ganinta kafin ta iso. Ban ce wannan ya warkar da ita ba. Amma yanzu in an yi ruwa tambayata take yi ko an ce wani abu game da Alau a rediyo, maimakon ta ƙudundune tana kuka.

Ina ya tafi kuwa? Ngadda ba ta zuwa teku. Tana wuce gari ta baje a fadamar Jere, inda ake noman shinkafa. Wani ya nutse ƙasa, mafi yawa rana ta kwashe abinta. A ƙasar nan rana tana iya shanye ruwa mai zurfin fiye da mita biyu a shekara, sama kuwa ba ta ba mu ko mita ɗaya. Kowane ɗan kasuwa ya san sunan shagon da fitarsa ta ninka shigarsa sau uku.

Dattijon nan mai burtsatse ya ƙara mana wani hawa da babu shi sam a zanen littafi. Ya ce ruwan ƙarƙashin Maiduguri hawa uku ne. Na sama shi ne wanda damina take ɗan ciyarwa. Na tsakiya da na can ƙasa, wanda sai an wuce mita 500 ake taɓa shi, tsohon ajiya ne, ruwan saman da ya sauka shekaru dubbai da suka wuce, kuma da ɗuminsa yake fitowa. Ya ce a da akwai rijiyoyin da in an huda, da kansu suke tunkuɗo ruwa dare da rana ba inji, yanzu ƙarfin ya ja baya. Wato dai uwar kuɗi muke ci, ba riba ba.

Da muka zo kan tambayar farko, ta yanayi, sai Hausa ta ɗan ba mu wahala, don kalma ɗaya muke amfani da ita ga abu biyu. Baba ne ya raba gardama daga kan tabarmarsa. Ya ce, "Ke, cinikin yau daban, halin kasuwa daban. Yau kina iya wuni ba ki sayar da mudu ɗaya ba, wannan ba ya nufin kasuwa ta mutu. Sai kin shekara talatin a cikinta za ki san halinta." Abin mamaki, shekara talatin ɗin ita ce masana ma suke ɗauka kafin su ce ga halin yanayin wuri. Zafin da ya haura digiri 40 ranar wata Laraba a Afrilu, yanayin yini ne. Sanin cewa kowane Afrilu haka Yerwa take, halin ƙasa ne.

Kuma shi Baba yana da hakkin magana a nan, domin halin ƙasa ne ya kawo shi Nijeriya. Yana saurayi aka yi farin 1984, yunwar da mutanen can suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki. Gero bai yi ba, dabbobi suka ƙare. Da aka buɗe iyaka a 1986 ya bi ayarin masu zuwa Baga. Tafkin Chadi, wanda a 1963 ya kai murabba'in kilomita 25,000, a shekarun nan ya tsuke bai fi kashi ɗaya cikin goma na hakan ba, ya bar ƙasa mai danshi da taki, Hausawa daga Sakkwato da Katsina da Nijar suka cika wurin suna noman wake da masara, wasu suna kamun kifi. Farin da ya kore shi daga gida shi ne ya buɗe masa gona a cikin tafki. Da kuɗin waken nan ya shigo Maiduguri ya kama shago, ya auri Inna, aka haife mu. In ka bi salsala, ni kaina ɗan zagayen ruwa ne. A nan maƙwabtanmu Barebari su ce mana Afuno, in mun je Damagaram a ce ga 'yan Nijeriya sun zo.

Tafkin ya ɗan farfaɗo daga baya, ba kamar yadda ake yawan faɗa cewa kullum ƙafewa yake ba. Kusan kashi casa'in cikin ɗari na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Lagon yake, can daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Ɗan abin da ke zuwa ta ɓangarenmu kuwa ta Komadugu Yobe yake bi, wanda asalinsa kogunan Haɗeja da Jama'are ne. Ruwan da ya sauka a Kano, in ya tsallake madatsun Tiga da Challawa da rana da manoma, ta Gashuwa da Gaidam yake biyowa ya nufo tafki. Har shi ma ɗan ci-rani ne.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai: tudun yashin nan da ya ratsa ta Maiduguri ya bi Konduga har Bama, gaɓar tsohon tafki ne. Shekara kamar dubu bakwai da suka wuce ruwan ya fi murabba'in kilomita 300,000, bakinsa yana nan inda muke. Ƙurar hunturu da ke toshe mana hanci a Disamba da Janairu, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a ƙasar Chadi, busasshen gindin wannan tafkin. Yarinyar da ake koya wa tekun wasu, ashe a bakin tsohon nata take zaune.

Sai tambaya ta uku, wadda littafi ya kira densiti, ya kuma ce a raba nauyi da girma. Ta haddace wannan tsaf, amma da na ce mene ne shi sai ta kalli silin. Ni kuwa na ce mata sunansa nauyin mudu. Mudu ɗaya ne, amma in kin cika shi da gishiri daban, in kin cika shi da dusa daban. Buhun gawayi yaro yana ɗauka, buhu irinsa na gishiri sai ƙato. Duk wanda ya taso a kasuwa da wannan ilimin ya taso, sunan ne kawai ba a gaya masa ba.

Ranar Asabar na tafi da ita shago, muka ɗora jarkoki a sikeli. Ruwa shi ne ma'auni: lita ɗaya kilo ɗaya, jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, ban da nauyin robar. Man gyaɗa a jarka irinta kilo 23. Kananzir 20. Fetur bai kai 19 ba. Zuma kuwa 35, shi ya sa mai sayen zuma na gaskiya yake fara ɗaga galan kafin ya buɗe. Duk abin da mudunsa bai kai na ruwa nauyi ba, sama zai zauna. Wanda ya fi, ƙasa. Shi ke nan amsar, sauran duk misalai ne, kuma gidanmu cike yake da su. In Inna ta zuba wake a ruwa, wanda ƙwari suka rarake shi ke tasowa. Ƙwan da ya lalace tasowa yake yi. Ƙanƙarar da muke saye da azumi a sama take yawo cikin kofi, domin ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ki dubi yadda ledar fiya wata take cika ta yi tam a firiza. Baba kuwa in an kawo masa duro na mai daga hannun da bai sani ba, ba ya duba sama. Siririn tiyo yake zurawa har gindi ya zuƙo, don in an yi algus da ruwa can zai kwanta.

Ta ce to ƙarfe fa, allura tana nutsewa amma kwanon sha ba ya nutsewa. Na ce ai kwano ba ƙarfe kaɗai ba ne, ƙarfe ne da iskar da ke cikinsa, in kin haɗa su biyun ba su kai ruwa nauyi ba. Cika shi da ruwa ki gani. Da wannan dabarar mata suka riƙa sa jarirai a baho suna turawa a Gwange ranar ambaliya. Kuma ba yau aka fara ba: kwalekwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, an auna shekarunsa sun kai dubu takwas. Mutanen da suka sassaƙa shi ba su san rabawa da ninkawa na littafi ba, amma sun ci wannan jarrabawar.

Daga nan ne na lura tambayoyin uku ashe ɗaya ce. Iska ma tana da nauyin mudu. In rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta ta yi zafi ta buɗe, mudunta ya yi sauƙi, sai ta tashi sama kamar mai a cikin ruwa. Can sama ta huce, tururin da ta ɗauko ya taru a jikin ƙwayoyin ƙura ya zama gajimare. Iskar nan mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa, mai kwashe shanya da kwanon rufi, iska ce mai nauyi da ta faɗo daga cikin hadarin ta baje a ƙasa. Inna ta ce mu dai mu riƙa cewa Allah ne ke saukar da ruwa. Na ce Inna ai babu mai musu, hanyar da Ya shimfiɗa masa muke bi da ido.

Ta yi zane biyu. Na littafi a gaba, da tekunsa da dutsen ƙanƙararsa. Namu a bayan takardar: Kalaba a ƙasa, kibiya doguwa zuwa arewa, Mubi, Sambisa, Alau, gadar Gwange, Jere, da rijiya mai hawa uku. Malam ya ba ta takwas cikin goma a kan na gaban, na bayan babu alamar jan biro a jikinsa. Ta ji haushi, ni ban ji ba. Mutumin da ke da yara sun fi tamanin a aji ɗaya, ga azuzuwa huɗu, ba zan ce don me bai juya takarda ba. Haushina yana kan littafin da za a bai wa yaran da suka kwana a kan rufi saboda ruwa, a ce su zana dutsen ƙanƙara.

A kan amsar mai da ruwa kuwa, misalin da ta rubuta ba ni na ba ta ba. Ta tuna abin da Baba ya faɗa ranar da muka samu shiga kasuwa bayan ruwa ya janye. Shekara ɗaya da rabi ke nan da gobarar Fabrairun 2023, bai gama biyan bashin wancan ba. Ya tsaya a ƙofar shago ya duba, ya ce, "Gishiri ya narke, wake ya nutse, mai ya yi tafiyarsa." Haka abin yake. Buhunan gishiri da sukari sun zama fanko. Waken yana nan inda muka bar shi, ya kumbura ya fasa buhu yana wari. Jarkokin mai kuwa ruwa ya ɗaga su ya fita da su ta ƙofar da ya ɓalle, uku kawai muka tsinto a wani layi. Ƙofar ƙarfe ce, amma ruwa mai mita ɗaya ta kowace fuska tan guda ne cur, jarka arba'in, kuma ba guda ɗaya ne ya jingina da ita ba.

A makonnin nan Baba ya yi ta zancen komawa gida. Ya ce ruwa biyu da wuta ɗaya sun ishi baƙo. Mu 'ya'yansa muka yi tsuru-tsuru, don gidan da yake nufi sau uku na taɓa zuwa, Faransanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba, yarinyar nan da karatunta sai dai a koma farko. Abin da ya sanyaya maganar daga can ya zo. Ƙaninsa ya kira ya ce su ma ba su tsira ba, mako guda kafin namu, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ruwa ya kayar da shi. Iskar da ta jiƙa Mubi ita ce ta wuce ta jiƙa su.

Bai ce ya fasa ba, bai kuma sake tayar da zancen ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau, kullum yana bin labarin a rediyo. A shago dai ya sa kafinta ya yi masa kanta mai tsayin ƙirji, gishiri da sukari da wake suna sama. Jarkokin mai suna ƙasa, ya zura igiya ta hannuwansu ya ɗaure a wani ƙarfe da ya sa aka kafa a bango. Daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba ni ke duba ƙullin kowace yamma kafin in sa kwaɗo.